Kwanukan Ladi

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Tun da na fara rubuta muku tarihin rayuwata, ku 'ya'yana da jikokina, na san akwai inda zan zo in tsaya, to yau na zo wurin. Babin noman albasa bai ba ni wahala ba, haka na tasowata a Jiga Makera. Wannan kuwa damina ta wuce, rani ya wuce, ina juya shi a zuciya. Ina tsoron in faɗi abin da zai taɓa mutuncin Yaya Ummaru alhali yana kabari, ba ya iya kare kansa. Ina kuma tsoron in rubuta kalmar da za ta ɓata ran mutanen da nake nema. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma kun san halina, ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa kwaɗon. Innarku ce ta yanke maganar wata safiya tana tankaɗen gero.

"Maigida, in ka tsaya jiran ranar da zuciyarka za ta kwanta, sai dai a rubuta shi bayan an kai mu. Mu biyu kaɗai munka rage cikin waɗanda sunka gani da ido."

Gaskiya ta faɗa. Saboda haka ga maganar tun daga farko, kada wani ya ce na ɓoye ta a tsakiya. Kuna da 'yar'uwa, sunanta Ladi. Ba mu muka haife ta ba, amma ta sha nonon Innarku tare da ɗanmu Bashiru har aka yaye su. Iyayenta Kiristoci ne. Ba mu san inda take ba, kuma ina so a same ta muna raye.

A lokacin mun bar ƙauye mun dawo Jega, unguwar Sabon Gari, ni da Innarku da mahaifiyata wadda manyanku suka sani da Kaka. Yaya Ummaru yana Firchin da iyalinsa, amma gonar fadama da mahaifinmu ya bari tare muke nomanta, ba a raba ba. Shi ke yanke magana, ni ina bi, kuma ban taɓa jin nauyin hakan ba, domin mutum irina yana son a sami wanda zai ce masa yi kaza ya huta. Bayan katangarmu akwai gidan haya, a ciki akwai wani malamin gona da gwamnati ta turo, da matarsa mai koyarwa a firamare. Katangar gajeriya ce, ta ƙasa. Ta kanta ake miƙa garwashi da safe, da gishiri, da daddawa, da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Shi mijin ne ya fara nuna mini in daina ba albasa ruwa in girbi ya kusa, don kada ta ruɓe a rudu, wato rumbun kara da muke ajiye ta. Mutum ne mai sanyin magana, kullum da takalmin roba da hular kwano.

Abin da za ku yi mamaki shi ne ban san sunansa ba. Ku na yanzu kuna da sunan kowa a cikin waya. Mu a wurinmu kiran babba da sunansa na yanka rashin kunya ne, tambayarsa kuwa ya fi muni. Shi Malamin Gona ne, ita Malama ce, shi ke nan. In za a haɗa su a magana sai a ce Nasaran nan na bayan gidan Mamman, wato gidana. Kalmar Nasara a bakin Kaka babban buhu ce, komai yana shiga. Baturen da ya karɓi haraji a zamanin kakanninmu Nasara ne, karatun boko na Nasara ne, duk wanda ya sa kaya masu kyau ranar Lahadi ya nufi coci Nasara ne. Na tuna wata rana Malama ta leƙo ta kan katanga tana dariya.

"Kaka, ni fa ba Nasara ba ce. Dubi hannuna, na fi ki baƙi. Kirista ake cewa."

"Kiri mi?"

"Kirista."

"Ɗiyata, bakina ya tsuhwa da koyon sabon suna. In kin ji zahi ki rama, ki ce mini tsohuwa mai goro, mun yi ɗaya."

Suka yi dariya, aka miƙa daddawa, magana ta wuce. Ni ina zaure ina ji, ban ɗauke ta komai ba.

A shekarar da nake magana, Innarku tana goyon Bashiru, bai fara zama ba. Cikin bazara, ana tsakiyar cire albasa, Malama ta haifi mace ranar Lahadi, Kaka ta sa mata Ladi tun kafin iyayenta su yi nasu sunan. Ba a yi mako ba zazzaɓin jego ya kama Malama, ta fita hayyacinta, aka ɗauke ta zuwa asibiti a Birnin Kebbi, aka ce ba za a bar jaririya kusa da ita ba. Danginsu suna nesa, ba waya a lokacin. Malamin Gona ya rage da jaririya da gwangwanin madara, yana tsakanin asibiti da gida. Yarinya ta ƙi madarar, abin da ta haɗiya sai ya dawo. Da farko kukanta yana cika unguwa. Daga baya sai ya koma ƙarami, kamar na ɗan akuya da aka rufe a ɗaki, har sai ka kasa kunne kafin ka ji.

Na dawo daga fadama da azahar, rana tana dukan ƙeya, na tarar da Innarku a inuwar rumfa da jarirai biyu a cinya. Bashiru yana barci. Ɗayar tana kan nono, ƙafafunta kamar tsinken tsintsiya. Kaka tana gefe tana yi musu fifita. A bakin zaure Malamin Gona yana tsugune, hularsa a hannu, ya kasa ɗaga kai.

"Wagga fa?" na tambaya, ko da yake na sani.

"Ɗiyar Malama ta," in ji Innarku, ba ta ko dube ni ba.

"Wa ya ce a ba ta?"

Kaka ta ajiye maficin. "Ni. In akwai zunubi a rubuta mini. Tahi ka wanke ƙahwa ka ci tuwo."

Ban iya cin tuwon ba. Tambayoyi suka taso mini kamar tururuwa. Ya halatta? In bai halatta ba, laifin wa, tunda ni ne mai gida? Nonon zai ishi biyu, ko na zalunci Bashiru? Ana idar da la'asar na bi Liman har zaurensa. Tsoho ne mai barkwanci, ya saba da ni, don babu makon da ba na kai masa wata damuwa.

"Mamman, kai kam ko ruwa ka sha sai ka zo tambayar hukuncinshi. Yau kuma mi ya hwaru?"

Na faɗa masa. Ya daina murmushi, ya gyara zama a kan buzu.

"Rai na. Ba a tambayar jariri addininshi kahin a ba shi nono. Matarka ta yi daidai. Amma ka buɗe kunne, don abin da ya rage naka na. Nono zumunta ta, awa jini. Tunda ya shiga cikinta, kai ubanta na, matarka uwarta ta. Ɗiyanka duka, waɗanda anka haihwa da waɗanda ba a haihwa ba, 'yan'uwanta na. Babu aure tsakaninsu da ita, babu tsakaninsu da ɗiyanta mata. Ka riƙe wanga, ka hwaɗa ma ɗiyanka, kada shi ɓace."

Na tashi zan tafi, sai wata damuwar ta dawo da ni. Na ce masa matar ta taɓa cewa ita ba Nasara ba ce, ko muna zaginta ne ba mu sani ba? Ya ce kalmar tana cikin Alƙur'ani, haka aka kira mabiya Annabi Isa, wasu malamai sun ce daga sunan garin da ya tashi ne, wasu sun ce daga mutanen da suka taimake shi. Ya ce ba zagi ba ce, mu ne dai muka liƙa wa Turawa ita da suka zo, har ta ɗauki warinsu. Da na ji tana cikin Littafi sai hankalina ya kwanta, na ci gaba da faɗinta kamar kowa.

Washegari labari ya riga ni isa fadama. Na tarar da Yaya Ummaru tsaye a kan kunya, bai amsa gaisuwata yadda ya saba ba. Ina so ku fahimce shi. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya ɗauki sunan gidanmu a kansa tun mahaifinmu ya rasu, kuma a majalisarsu ta Firchin an yi masa dariya a daren da ya gabata.

"Na ji gidanka ya koma gidan renon Nasara."

"Yaya, na tambayi Liman, ya ce ya halatta."

"Ban tambaye ka Liman ba. Gobe in ta girma ta sa gicciye a wuya, ta ce ni baffanta na, ka so haka? A maida musu ɗiyarsu yau. In ba haka ba mu raba gona, kowa shi san gidanshi."

A rayuwata ban taɓa ce masa a'a ba. Na dubi albasar da muka shanya, na dubi rijiyar da mahaifinmu ya haƙa da hannunsa. Abin da ya tsaya mini a kunne shi ne wancan ƙaramin kukan na bayan katanga. Na ce masa, "Yaya, in anka cire ta daga nono mutuwa za ta yi. Ban iya." Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya saɓa fartanyarsa ya wuce.

Bayan girbi dattawa suka zo aka raba. Shi babba ne, ya ɗauki ɓangaren rijiya, ni na sami na tudu, inda sai ka ja ruwa mai nisa kafin ya kai ga shuka. Shekaru na yi ina wannan wahalar kafin injin ban ruwa ya zo, kuma ciwon bayan da kuke ganina da shi a can na samo shi. Innarku tana sayar da fura a lokacin, wasu matan unguwa suka daina aiko yara saye. Sunan Gidan Nasara kuma ya manne mana. Ku da kuka taso kuna jinsa kuna faɗa da yara a kansa, ga asalinsa. Ba mu bar addini ba, ba mu yi wa Bature aiki ba. Jaririya muka shayar.

Amma kada ku ɗauka shekarun baƙin ciki ne. Ban taɓa jin daɗin gida kamar lokacin ba. Ladi ta yi ɓulɓul har ta fi Bashiru nauyi, in suna kan cinya ita ke ture shi. Malama ta dawo daga asibiti a rame, nononta ya ƙafe. Ta shigo gidanmu ta durƙusa gaban Innarku za ta yi magana, kuka ya hana ta. Kaka ta ce, "Tashi, Nasara, kada ki jiƙa muna tabarma," ta tura mata ƙwaryar kunu. Aka ci gaba da shayarwa, aka yaye su rana ɗaya a ɗakin Kaka, suka haɗa baki suka yi mata kukan da ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba. Malamin Gona da kansa ya fasa katanga ya yi 'yar ƙofa, don yarinyar ta daina hawa. Ran Lahadi a yi mata kitso da ƙyalle ja a tafi coci, ta dawo ta tuɓe takalmi ta zauna gaban tuwonmu. In Innarku ta ta da salla sai ta tsaya bayanta tana dungura goshi, Bashiru kuma ya koyo waƙar cocinsu yana rerawa a bakin rijiya. Wannan ma sai da na kai wa Liman. Ya ce in bar yara su yi yarinta, in je in nemi wani abin damuwar.

Akwai abin da dole in rubuta saboda haƙƙin Yaya Ummaru. Ladi tana da kamar shekara uku, ita da Bashiru suka hau buhunan albasa da aka jera a ƙofar gida, ta faɗo a kan hannun hagu, ya karye. Ina fadama, Malamin Gona yana ƙauye, Malama tana makaranta. Yaya ya zo gaishe da Kaka, don bai taɓa yanke wannan ba. Innarku ce ta ba ni labari. Ya cire rawaninsa ya ɗaure hannun a ƙirjinta, ya ta da babur, ya ce Innarku ta hau da ita, suka nufi Aliero wurin masu ɗori. Da mai ɗorin ya tambaya ɗiyar wa ce, Innarku ta dubi Yaya.

"Ta ƙanena ta," in ji Yaya. "Ka yi a hankali."

Gonar ba ta sake haɗuwa ba, kuma har ya rasu bai taɓa ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Hannun ya warke, sai dai ya ɗan karkace a gwiwa, ba ya miƙewa sosai.

Ba a daɗe ba aka yi wa Malamin Gona canjin wurin aiki zuwa Maiyama. Ranar da motar kaya ta zo, Ladi ta shige ƙarƙashin gadon Innarku, sai da aka jawo ta da ƙafa. Maiyama ba nisa, muka ce ai kamar gida ne. Sun zo mana sau ɗaya da Kirsimeti, da shinkafa da kaza a kwano, Malama tana rantse mini cewa mahauci Musulmi ne ya yanka, don ta san ba zan ci ba sai na tambaya. Shekara ta zagayo ba su zo ba. Na shirya ran kasuwar Maiyama na tafi, na shiga tambaya ina Nasaran nan malamin gona. Wani mai shayi ya ce, "Wanne? Ai Nasara malaman gona sun yi yawa nan, wanga shi zo, wancan shi tahi. Mi ne sunanshi?" Sunan kuwa ban san shi ba. A ofishinsu ma tambayar ke nan. Na dawo gida da tsarabar da na kai.

Innarku ba ta yi kuka a gabana ba. Abin da ta yi shi ne, da aka sayar da albasar shekarar, ta sayo kwanon samira mai murfi, mai furanni, ta tura ƙarƙashin gado. Allah bai ba mu 'ya mace ba, ku shida duk maza ne, kuma kun san uwa tana fara tara wa ɗiyarta kwanukan aure tun tana ƙarama. Duk shekarar da albasa ta yi kyau sai ta ƙara ɗaya. Matanku sun sha zolayarta a kansu. Matar Bashiru ta taɓa cewa, "Inna, samira ai ta tsufa, yanzu ba mai jera ta, ki ba mu mu zuba goro." Ta ce mata, "Mai su ba ta ce ta tsuhwa ba."

Haka muka zauna shekaru masu yawa, na sa wa raina sai dai a lahira. Abin da ya ta da maganar daga wata ƙasa ya zo, wadda ban taɓa jin sunanta ba sai a bakin alhazai. Bashiru ya bi sawun Malamin Gona ba tare da ya sani ba, ya karanci aikin gona, aka tura shi ƙarin karatu Indonesiya, inda ya ce suna noma wata 'yar ƙaramar albasa ja. Yawancinsu Musulmi ne, amma abokin aikinsa na kusa Kirista ne, wai shi Markus. Wata rana da hantsi Bashiru ya kira ni, muryarsa ba yadda na saba ji ba.

"Baba, ka san a nan ma Nasara suke cewa? Nasrani suke faɗi, daga Larabci, kamar mu."

Ya ce suna cin abinci ne, yana so ya nuna wa Markus cewa shi ba baƙon Kiristoci ba ne, sai ya ce masa yana da 'yar'uwar nono Nasrani. Markus ya yi murmushi, ya ce ya gane, ba zagi ba ne, kalmar masallaci ce da littattafan Musulmi, amma su ba sa kiran kansu da ita. Su Kristen suke cewa, kalmar da ta shigo musu daga bakin Turawan Holan da suka mulke su. Na sa Bashiru ya maimaita mini har na riƙe, don kada in rubuta ba daidai ba. Ya ce kuma a can in ka ce Kristen, yawanci ɓangare ɗaya kake nufi, 'yan Katolika kuwa Katolik ake ce musu, har a katin shaida daban ake rubuta su. Daga nan Markus ya tambaye shi, ita 'yar'uwar taka wacce ce a ciki? Wace coci iyayenta suke zuwa? Ya ce in an san cocin ai an kusa samunta, don mutanen coci suna sanin inda nasu suka koma.

"Baba, na kasa ba shi amsa. Wace coci suke zuwa?"

Na ce, "Coci dai."

"Ai ba ɗaya ba ce, Baba."

Shekaru muna miƙa wa juna garwashi, ɗiyarsu ta kwana a ɗakinmu, ban san cocin iri-iri ba ce, ban san garinsu ba, ban san sunansu ba. Mun ce Nasara, mun ɗauka mun gama sanin su. Sai maganar Malama ta kan katanga ta dawo mini. Ashe matar sunanta take miƙo mana, muka karɓi daddawa muka bar shi. Innarku tana gefe tana jin komai. Ta ce, "To, tunda mutumin wata ƙasa ya nuna muna ƙohwa, sai a ƙwanƙwasa."

Da Bashiru ya dawo muka ƙwanƙwasa. Wata Talata da safe ya ɗauke ni muka zaga coci-cocin da ke Sabon Gari. Tun a hanya nake tambayarsa ko ana cire takalmi, ko in yi sallama irin tamu, ko wani zai gan ni ya kai labari masallaci. Ya ce, "Baba, gidanmu ya riga ya yi suna, ba abin da za a ƙara mana." A ta farko mai gadi ya ce su 'yan Fada ne, wato Katolika, bai san su ba. A ta biyu faston yaro ne, ba a haife shi ba lokacin. Amma ya ba ni kujera a inuwar dogon yaro, ya aika aka kira wata tsohuwa, Mama Saratu, wadda ta fi kowa daɗewa. Na gaishe ta, na lura da bakina, na ce ina neman wasu Kiristoci da suka zauna bayan gidana. Ta dube ni da kyau.

"Kai ne na Gidan Nasara?"

"Ni ne, Mama."

"Ashe kai ne. Mun yi muku addu'a a nan wurin, shekarar da matarka ta ɗauki yarinyar. Ba wanda ya faɗa muku?"

Ba wanda ya faɗa mana. Ta ce ta tuna Malama sarai, tana cikin zumuntar mata, mai zaƙin murya. Sunan mijin ne ya kuɓuce mata, ko Bitrus ko Bulus. Tana ganin mutanen wajen Zuru ne, amma wata da aka tambaya a wurin ta ce daga kudancin Kaduna suka zo. Ta yi alkawarin sa a yi cigiya a cocinsu na Maiyama, an kuma yi, har yanzu dai shiru. Duk da haka na dawo gida da sauƙin zuciya. Na fita da kalma ɗaya, na dawo da suna biyu da gari biyu, da labarin cewa an taɓa yi mana addu'a a inda ban taɓa zato ba.

Ba zan ɓoye muku ba, maganar Liman tana hana ni sakewa. Sadiku autanmu yana jami'a, cikin mutane iri-iri, kuma in Ladi ta haifi mata sun kai sa'anninsa. Shi kawunsu ne, bai san fuskarsu ba. Shi ya sa duk yarinyar da ya ambata, ko a kan littafi ne, nake tambayar sunan uwarta da ko hannunta na hagu yana miƙewa. Yana dariya yana cewa, "Baba, sai in riƙa bin iyayen mutane ina cewa su miƙe hannu?" Ku yi dariyarku, amma ku riƙe. An ce in faɗa muku, na faɗa, yanzu kuma na rubuta. Ni dai na gode wa Allah. Na noma abin da muka ci, na ga jikoki, kuma sau ɗaya da aka buƙaci in tsaya a kan ƙafata, na tsaya.

Saura roƙo ga duk wanda wannan rubutu ya faɗa hannunsa, Musulmi ko Kirista. Muna neman mace da aka haifa a Jega Sabon Gari, ranar Lahadi cikin bazara, yanzu ta haura arba'in. Ubanta malamin gona ne, Bitrus ko Bulus, uwarta malamar firamare mai waƙa a zumuntar mata, sun zauna Maiyama bayan Jega. Mu Ladi muke ce mata. Innarku ta ce uwarta tana kiranta Rifkatu, ni kuma kamar Rahila nake ji, na rubuta duka biyun don kada in yi ƙarya. Hannunta na hagu an ɗora shi a Aliero, ba ya miƙewa sosai. Wataƙila an taɓa gaya mata ta sha nonon wata Bahaushiya, wataƙila ba a gaya mata ba. Wanda ya san ta, ko ya san inda iyayenta suka koma, ya aiko da saƙo ta hannun masu lodin albasa na kasuwar Jega, ba inda motocinsu ba sa zuwa. A ce a kai Gidan Nasara, kowa ya san shi, kuma na daina jin nauyin sunan. Ba ma neman ta canza komai nata. Ta faɗa mana sunan da take so a kira ta da shi, da shi za mu kira ta.

Na karanta wa Innarku wannan kafin in rufe, ta ce na manta abu ɗaya, in ƙara da bakinta.

"Ka ce mata kwanukanta na nan, na wanke su bana ma. In ta riga ta yi aure, ta aiko ɗiyarta ta ɗauka."